Ayarin 1993: ƙawancen jam'iyyu da rabon mulki a Nijar, kamar yadda aka gan shi daga Zango

Mu da muka tashi a Zango mun gaji labarin ayari tun daga bakin kakanni. Unguwarmu masaukin fatake ce tun asali. A zamanin da Sarki Tanimun yake bisa gadon Damagaram, nan ne Buzaye da Larabawan Gadamas da na Tarabulus suke kwance wa raƙuma kaya, a wajen ganuwar Birni, kafin su miƙa Kano ko su juya arewa. Tsofaffi sukan ce mutanen ayari kowa da hajarsa, kowa da ribar da yake hange, tsoron hanya ne kaɗai yake tara su ƙarƙashin madugu guda. Muddin ana jin ƙishirwa, ana tsoron ƴan fashi, to ba ka jin kansu. Ranar da aka sauka lafiya aka zo lissafin wanda ya ciyar da wanda ya yi gadi, ranar ce ake jin muryoyi har bayan gari.

Wannan magana ce take faɗo mini a duk lokacin da na tuna ƙarshen watan Maris na 1993. Ina ɗan sakandare a lokacin. Da rediyo ta faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, wanda aka yi ranar 27 ga wata, Zango da Birni ba su yi barci ba. Ɗan garin, Mahaman Usman, wanda magoya bayansa ke yi wa laƙabi da Nafarko, ya samu sama da kashi 54 cikin ɗari, ya zama shugaban Nijar na farko da aka zaɓa cikin takarar jam'iyyu da yawa. Abin da mu yara ba mu sani ba shi ne, a zagayen farko bai kai kashi 27 ba. Sauran ƙuri'un aro ne, kuma masu su suna nan tafe su karɓi abinsu. Kafin shekara uku ta cika, mulkin ya faɗa hannun soja. Yadda aka yi haka ta faru ya cancanci malami ya san shi dalla-dalla, domin yawancin ɗalibanmu na yau ko sunan ƙawancen AFC ba su taɓa ji ba.

Kafin a kai ga 1993 sai an waiwayi abu biyu. Na farko shi ne tabon 1926. Zinder ce hedikwatar mulkin Faransawa a wannan ƙasa har zuwa waccan shekara, da aka kwashe ofisoshi aka mai da su Yamai, tafiyar kilomita wajen 900, alhali Kano ba ta kai 250 ba daga nan. Tun daga lokacin, manyan makarantu da muƙamai da galibin hafsoshin soja suka karkata yamma, gabas kuma tana noma gyaɗar da ake sayarwa a cika baitulmali. Ko an yarda da wannan ƙorafi duka ko an rage masa wani abu, babu mai fahimtar yadda Damagaram take jefa ƙuri'a in bai san da shi ba.

Abu na biyu shi ne, ƙawancen 1993 yana da wa, kuma wan nasa bai yi tsawon rai ba. A watan Nuwamba na 1956, jam'iyyar Jibo Bakari, UDN, ta haɗe da BNA suka zama MSA, wadda jama'a suka fi sani da Sawaba. In mutum ya dubi ɓangarorin biyu sai ya riƙe baki. Mutanen Jibo ƴan ƙwadago ne da teloli da direbobi da ƴan kamasho da ƙananan ƴan kasuwa, irin mutanen da suka cika Zango, masu kai da komo tsakanin nan da Kano, inda suka saba jin kalmar sawaba a bakin ƴan NEPU. BNA kuwa jam'iyyar sarakuna ce da manyan ma'aikata, tsatson UNIS da aka kafa a Maraɗi a 1948 da albarkar gwamnan mulkin mallaka. Talaka mai neman a sauke masa kayan sarauta ya shiga inuwa ɗaya da mai rawani, don kawai su duka biyu ba sa son PPN-RDA ta Jori Hamani ta hau. Lissafin ya yi kyau a farko: Jibo ya zama magajin garin Yamai, sa'an nan a zaɓen 31 ga Maris na 1957 MSA ta kwashe kujeru 41 cikin 60, ya kafa gwamnatin ƴan ƙasa ta farko.

To amma da gwamnatin ta fara tsige wasu sarakuna, sai masu rawani suka gane da wa suka haɗa hanya. Da Janar De Gol ya kawo zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba na 1958, Jibo ya ce a jefa "a'a" a karɓi ƴanci nan take. Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani, wanda ya san inda ɗinkin yake da rauni. Sarakuna da manyan BNA suka zame, suka koma wajen RDA. "I" ta samu kusan kashi 78, fiye da rabin masu rajista ba su ma fita ba. A zaɓen Disamba na wannan shekara, ƴan kujerun da Sawaba ta ci a Zinder da Tasawa aka soke su, kuma a watan Oktoba na 1959 aka haramta jam'iyyar ɗungum. Daga nan ƙasar ta shiga shekara talatin da ƴan kai ba tare da takarar jam'iyyu ba: RDA ita kaɗai har juyin mulkin Seini Kunce na 15 ga Afrilu na 1974, sai soja, sai MNSD da Janar Ali Saibu ya kafa a 1989 a matsayin jam'iyyar gwamnati.

Ƙofar ta sake buɗewa ne da jinin ɗalibai, waɗanda aka harba a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu na 1990. Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991, kuma wanda ya shugabance shi ɗan Zinder ne, Farfesa Andre Salifu, masanin tarihin da ya rubuta littafi sukutum a kan Damagaram ta ƙarni na 19. A nan akwai abin da ya shafi ƙungiyoyinmu na al'adu kai tsaye. Lokacin da siyasa take haramun, ƴan bokon gabas sun fake ne a cikin wata ƙungiyar raya al'adu da fasaha mai suna AMACA, kuma daga cikinta CDS ta tsiro a farkon 1991. Wato abin da ya fara da sunan kiɗa da wasan kwaikwayo da taimakon juna, shi ne ya zama jam'iyyar da ta kai ɗan Damagaram fadar shugaban ƙasa. Wasu na ganin wannan abin alfahari ne, wasu na ganin tun daga nan aka ɗaure jam'iyyar da igiyar yanki wadda ba ta taɓa kwancewa ba. Ni dai ina ganin duka biyun gaskiya ne.

A matsayina na mai koyar da Hausa ba zan wuce ba tare da na tsaya kan sunayen ba. Kowace jam'iyya tana da harufanta na Faransanci waɗanda talaka bai damu da ma'anarsu ba, sa'an nan da sunan da ake kiranta da shi a kasuwa: CDS Rahama, MNSD Nasara, PNDS Tarayya, ANDP Zaman Lafiya, PSDN Alheri, UDPS Amana, UPDP Shamuwa, UDFP Sawaba. Har jam'iyyun da shugabanninsu ba Hausawa ba ne, da kalmar Hausa suka fita neman ƙuri'a. Sai dai sunayen ba su faɗin abin da jam'iyya za ta yi da makaranta ko asibiti ko farashin gero. Abin da mai zaɓe ya sani shi ne garin da shugabanta ya fito. Rahama ta Zinder ce da wani yanki na Maraɗi. Tarayya, wadda malaman makaranta da tsofaffin ƴan gwagwarmayar ɗalibai suka kafa, ƙarfinta yana Tawa, mahaifar Mahamadu Isufu. Zaman Lafiya ta Doso ce, gidan Mumuni Adamu Jarmakwai, wanda ya fice daga MNSD bayan da Tanja Mamadu ya kayar da shi a neman shugabancinta a 1991. Nasara ce kaɗai take da reshe a kowane lungu, saboda ita ta gaji gwamnoni da sarakuna da manyan ƴan kasuwa daga tsohon mulki.

Kundin tsarin mulkin da aka amince da shi ranar 26 ga Disamba na 1992 an ɗinka shi ne a kan ƙirar na Faransa. Jama'a ce take zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye, a zagaye biyu. Shi yake naɗa faraminista, amma faraministan da gwamnatinsa a gaban majalisar dokoki suke amsa tambaya, kuma majalisa tana iya kayar da su da ƙuri'ar yanke ƙauna. Shugaban ƙasa shi ma yana iya rusa majalisa. Kujerun majalisa kuwa ana raba mafi yawansu ne gwargwadon ƙuri'un da kowace jam'iyya ta samu a jiha, tare da ware kujeru takwas domin ƙananan ƙabilu. A ƙasar da kowace babbar jam'iyya take da gidanta, irin wannan rabo yana nufin babu mai cin rinjaye shi kaɗai. Haka kuwa aka yi ranar 14 ga Fabrairu na 1993. Cikin kujeru 83, Nasara ta samu 29, Rahama 22, Tarayya 13, Zaman Lafiya 11, ƙananan jam'iyyu suka raba takwas ɗin da suka rage. Rinjaye yana bukatar 42.

Kwanaki kaɗan bayan haka aka sanar da ƙawancen jam'iyyu masu neman canji, AFC, mai kujeru 50. Sharaɗinsa a fili yake: kowa ya tsaya takara a zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, wanda ya fi ƙuri'a a cikinsu sauran su mara masa baya, sa'an nan a raba manyan kujeru uku. Ranar 27 ga Fabrairu Tanja ya zo na ɗaya da kashi 34, Mahaman Usman na biyu da kusan 27, Isufu da Jarmakwai kowannensu tsakanin 15 da 16. Tazarar da ke tsakanin na uku da na huɗu ba ta kai kashi ɗaya ba, amma ita ta raba musu rabo: Isufu ya zama faraminista, Jarmakwai shugaban majalisa. Jam'iyyar da ta fi kowace ƙuri'a da kujeru ta koma adawa. Abin mamaki, tsohuwar RDA tana cikin AFC, shi kuwa Jibo Bakari da Sawabarsa, tare da Shamuwar Andre Salifu, suna gefen Nasara. Wanda ya ɗauka aƙida ce ta jera mutane a 1993, wannan kaɗai ya isa ya gyara masa zato.

An rantsar da sabon shugaba ranar 16 ga Afrilu, ya tarar da baitulmali wayam. Farashin yuraniyom ya daɗe da faɗuwa, ma'aikata suna bin albashin watanni, tawaye yana ci a arewa. Mu ɗalibai abin da muka sani shi ne aji a rufe: yau malamai suna yajin aiki, gobe ɗalibai, jibi ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta tsai da ƙasa baki ɗaya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Gwamnatin da ƴan ƙwadago da ɗalibai suka yi wa yaƙin zaɓe ita ce ta zo tana rage albashi. A cikin wannan hali ne wata kalma ta shiga bakin mutane, har jaridun Faransanci na Yamai suka ara ba tare da sun fassara ta ba: wasoso. Kowa ya san wasoso, yadda yara ke rububin abin da aka watsa musu a gidan suna. Muƙaman minista da na gwamnan jiha da shugabancin kamfanonin gwamnati, har da ƙananan kujerun daraktan makaranta, duka sai an duba katin jam'iyya, kuma kowace jam'iyyar ƙawance tana ƙirga nata tana leƙen na abokiyarta. Ban ce AFC ce ta ƙirƙiro wannan hali ba, ta dai same shi ta buɗe masa ƙofa da faɗi, domin yanzu bakunan da ake ciyarwa sun ƙaru.

A ganina a nan ciwon yake. Yarjejeniyar AFC ta amsa tambaya biyu: wa za a hana mulki, kuma wa zai zauna a wace kujera. Ba ta faɗi wanda maganarsa za ta zama ta ƙarshe ba idan shugaban ƙasa da faraminista suka saɓa a kan naɗin mutum guda, kuma kundin tsarin mulkin ma bai fayyace ba. Tarayya ta yi ta kukan cewa Rahama tana cin rabon da ya fi nata. A watan Satumba na 1994 shugaban ƙasa ya sa hannu a wata doka da ta janye wasu hukumomi daga ofishin faraminista, ranar 28 ga wata Isufu ya yi murabus, bayan wata goma sha bakwai. Tarayya ta fice daga AFC ta haɗa kai da Nasara, jam'iyyar da aka kafa ƙawancen domin a hana ta. Kujeru 13 suka tashi daga wannan gefe suka koma wancan, rinjaye ya juya ba tare da talaka ko ɗaya ya jefa ƙuri'a ba. Sabon faraminista, Sule Abdullahi na Rahama, majalisa ta kayar da shi a tsakiyar Oktoba, shugaban ƙasa kuma ya rusa majalisar.

Ya yi fatan jama'a za ta ba shi rinjaye, ba ta ba shi ba. A zaɓen 12 ga Janairu na 1995 Rahama ta ƙaru zuwa kujeru 24, wato Damagaram ba ta juya wa ɗanta baya ba, amma Nasara da Tarayya da ƙananan abokansu suka tashi da 43, ɓangaren shugaban ƙasa 40. Da wannan tazara ta kujeru uku Nijar ta shiga abin da Faransawa ke kira cohabitation, wanda mu a Hausa ba mu da sunan da ya fi dacewa da shi kamar zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Faransa ta yi irinsa a 1986 tsakanin Mitteran da Shirak, ta sake yi a 1993, ba a fasa ko kofi ba. Amma can akwai al'adar da aka daɗe ana bi, akwai ma'aikatan gwamnati da ba a sauya su don an sauya minista, kuma ɗan siyasar da ya rasa kujera yana da abin da zai koma. Mu mun kwafo rubutun, waɗannan kuwa ba a kwafo su a takarda.

Tun a kan naɗin faraminista aka fara. Shugaban ƙasa ya so a ba shi sunaye uku ya zaɓa, masu rinjaye suka miƙa suna ɗaya tak, Hama Amadu, babban sakataren Nasara. Sai ya tsallake shi ya naɗa Amadu Bubakar Sise, ma'aikacin Bankin Duniya, wanda shi ma ɗan Nasara ne. Jam'iyyar ta kore shi, majalisa ta kayar da shi ranar 20 ga Fabrairu, ko mako biyu cikakku bai yi ba. Dole Hama ya hau, Isufu kuma ya zama shugaban majalisa. Daga nan sai gardama a kan kowane abu. Doka ta ce shugaban ƙasa ne yake jagorantar taron majalisar ministoci, to in ya ƙi kiran taron fa? Doka ta ce gwamnati ce take tafiyar da siyasar ƙasa, to in shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu a naɗin da ta yi fa? Shugaban ƙasa ya yi watanni yana ƙaurace wa taron. A watan Yuli faraminista ya sauya shugabannin kamfanonin gwamnati ba da yardarsa ba, a watan Agusta kuma ya zaunar da ministoci shi kaɗai, fadar shugaban ƙasa ta ce duk abin da aka yanke a wurin banza ne. Kotun ƙoli ta zama kamar alƙalin ƙauye tsakanin kishiyoyi, yau wannan ya kawo ƙara, gobe wancan. Duk da haka, adalci ne a faɗa cewa a cikin wannan shekara ce aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu da ƴan tawayen arewa, ranar 24 ga Afrilu na 1995, wadda aka mayar ranar haɗin kan ƙasa.

Da Janairu na 1996 ya kama, kowa ya san wa'adin da ya hana shugaban ƙasa sake rusa majalisa ya zo ƙarshe, ana ta raɗe-raɗin zai rusa ta. Ranar 26 ga wata shugaban majalisa ya nemi kotun ƙoli ta bayyana cewa shugaban ƙasa ya kasa riƙe mulki. Washegari, 27 ga Janairu, babban hafsan sojoji, Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara, ya kama su duka uku. Ban manta shirun da Zango ta yi a wannan yammaci ba. A Yamai kuwa akwai waɗanda suka yi murna, cikinsu har da mutanen da suka yi zanga-zangar neman dimokuraɗiyya shekara shida kafin nan.

Ba'are ya ɗora laifi a kan kundin, ya kawo wani a watan Mayu mai tara iko a hannun shugaban ƙasa, ya tsaya takara a watan Yuli, ya rusa hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar ƙidaya, aka ce ya ci da kashi 52. Sai ga Tanja da Mahaman Usman da Isufu, mutanen da suka kasa zama ɗaki ɗaya su ceci mulkinsu, sun haɗu a sabon gungu mai suna FRDD suna yawo tare. Tsoron hanya ya dawo, ayari ya sake haɗuwa. Haka aka yi ta ja har ranar 9 ga Afrilu na 1999, da dogaransa suka harbe Ba'are a filin jirgin saman Yamai.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni yarda da masu cewa ƙawance ba ya yiwuwa a ƙasarmu. Kundin 1999 ya komo da tsarin shugaba da faraminista, amma ya toshe ramin da aka faɗa: ya rubuta ƙarara cewa masu rinjaye su miƙa sunaye uku shugaban ƙasa ya zaɓi ɗaya. A zagayen farko na Oktoba na 1999 Tanja ya samu kashi 32, Isufu da Mahaman Usman kowannensu 22 da ɗoriya, Isufu yana gaba da ɗan abin da bai kai rabin kashi ɗaya ba. Yanzu ƙuri'un Damagaram su ne na aro. Mahaman Usman ya ba da su ga Tanja, mutumin da ya kayar a 1993, wanda gwamnatinsa ta taɓa tsarewa a 1994. Tanja ya ci da kusan kashi 60, Nasara da Rahama suka haɗa kujeru 55 cikin 83, Hama Amadu ya koma faraminista, Mahaman Usman ya zama shugaban majalisa. Mutanen da suka yi zaman ƴan marina a 1995 su ne dai, amma wannan karon sun zauna kusan shekara goma, har suka sake cin zaɓe tare a 2004.

Me ya bambanta? Shugaban ƙasa da faraminista jam'iyyarsu ɗaya, saboda haka gardamar sa hannu ba ta taso ba. Abokan ƙawancen biyu ne manya, ɗaya ya fi ɗaya a fili, ba uku masu kusan ƙarfi ɗaya da kowanne yake ganin shi ya cancanci gaba ba. Ƙaramin abokin kuma an ba shi gida nasa, majalisa, inda ba ya gogayya da kowa a kan naɗin darakta. Ga kuma tunawa da 27 ga Janairu, wadda ba ta bar kowa ba. Wannan ba ya nufin mulkin ya tsarkaka. Mu malamai mun san badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare, wadda aka fi sani da MEBA, kuma a kanta ne majalisa ta kayar da gwamnatin Hama ranar 31 ga Mayu na 2007, da ƙuri'un wasu daga cikin masu rinjayen kansu. Amma faraminista ya sauka, wani ya hau, soja bai fito daga bariki ba. A tarihinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya kashe wannan ƙawance a ƙasar Damagaram aka fara jin sa. A watan Oktoba na 2008, wajen bikin aza harsashin matatar man fetur ta Zinder, aka ɗaga muryar tazarce, wato Tanja ya zarce bayan wa'adinsa na biyu, abin da kundin ya haramta kuma ya hana a taɓa. Rahama ta san cewa duk haƙurin da ta yi na shekara goma ta yi shi ne da begen 2009, ranar da kujerar za ta zama babu kowa a kanta. Mahaman Usman ya ƙi. Tanja ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu na 2009, Rahama ta janye ministocinta a watan Yuni, aka rusa kotun tsarin mulki, aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, sa'an nan ranar 18 ga Fabrairu na 2010 sojojin Salu Jibo suka shiga fada ana tsakiyar taron ministoci.

Sauran labarin sananne ne, ba sai na ja shi ba. Isufu ya hau a 2011 da ƙuri'un Hama Amadu, suka rabu a 2013. Rahama ta dare gida biyu, ta kuɓuce daga hannun wanda ya kafa ta. Shi kuwa Mahaman Usman ya sake kai wa zagaye na biyu a watan Fabrairu na 2021 a ƙarƙashin wata jam'iyya, RDR Canji, da kashi 17 nasa na kansa a zagayen farko, ya tashi da 44 bayan ƴan adawa sun ara masa nasu, Bazum Mohamed ya ci. Ranar 26 ga Yuli na 2023 soja suka kifar da Bazum suka dakatar da harkokin jam'iyyu, a watan Maris na 2025 kuma aka rusa su baki ɗaya, da Rahama da Nasara da Tarayya da duk sauran.